Ranar da Aka Tambaye Mu

Shekara tara ina feɗe kifi a Grimsby.
Ƙarfe huɗu na asuba, teku na tari a bayan katanga,
hannuna ya san ƙayar baya ko da idona a rufe.

Canjin farko takarda ce a jikin ƙofa.
Juma'a aka manna ta,
Litinin muka tarar an rushe layinmu.
Ba wanda ya ce mana ci kanku.
Inji ya iso a akwati, da littafinsa mai kaurin bulo,
ya yi mako uku yana tauna kifi yana tofarwa,
mu kuma muna tsince asara a ƙasa, ana harararmu.
Zbigniew ya goge wuƙarsa, ya ajiye mini ita a loka,
shekara ashirin na sanin aiki
suka bi shi ta ƙofar baya.
Muka koyi shiru.
Shirun nan ya fi ɗakin ƙanƙara sanyi.

Bara da aka ce wani canjin na tafe
sai cikina ya ɗuri ruwa:
wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Sai ga Glenda Hargreaves, sabuwar manaja,
da hular leda irin tamu,
da takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafarta.
Dare uku tana tsaye a gefena, haƙoranta na kaɗawa.
A na huɗu ta miƙo mini shayi, ta ce,
"Talle, a ina aikin nan yake maka ciwo?"
Na yi dariya, don ban san amsar da ake ba mai tambaya ba.
Daga baya na nuna mata kafaɗa.

Ba ta shafa mana zuma a baki ba.
Ta ce gurbi uku za su tafi,
ta faɗi wata, ta faɗi dalili,
ta faɗi inda aka tanadar wa mutum biyu,
na ukun ta ce tana nema, kuma ta nema.
Layi ɗaya aka fara taɓawa, sauran suna kallo.
Rasa ta ce teburin ya yi wa gajeru tsawo,
aka rage masa taƙi guda.
Tsoho Desmond ya ce kifin hunturu ya fi tauri,
a sassauta gudun bel. Injiniya ya rubuta.
Ashe a nan ma da tsohuwar zuma ake magani.

Makon farko ya ɓaci duk da haka.
Kwali tamanin suka koma.
Muka sunkuyar da kai muna jiran a nemo mai laifi.
Da safe muka ga rubutu a allo da hannunta:
"Lissafina ne bai fita ba. Ku zo mu sake."
Muka zo.
Har waɗanda ba sa magana suka yi magana.

Yanzu kafaɗata na barina in yi barci.
Ina tashi aiki da sauran haske,
in tari Bilkin Baba a ƙofar makaranta.
Akwai yaro ɗan Hull da nake koya wa allon inji,
yana ce mini malam, yana lanƙwasa kalmar.

Na ba Inna labari ta waya, tana Gumel tana tankaɗe.
Ta ce, "To mene ne sabo a ciki?
Ko tukunya za ka sauya wa murhu,
ai sai ka sa tsumma ka kama ta da hannu biyu."

Wuƙar Zbigniew na nan a loka.
Wani lokaci nakan fito da ita in wasa,
ba don za ta yi aiki ba.
Ina dai tunanin da an tambaye shi.